Tambaya: in mutum ya yi barci, wa ke tuna wa jiki ya yi numfashi?

Maman Khairat

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin lafiya a cikinmu ina da tambaya, ta kwana biyu tana cina a rai. Yau kwanana 16 ina zaman asibiti, bakwaini na haifa, cikin yana sati 31 ta zo, har yanzu tana kwalba. Abinda ke ɗaga min hankali shine wani lokacin tana kwance lafiya lau sai kawai numfashin ya tsaya cak, na'urar nan ta hau ƙara, nas ta taho da sauri ta shafa mata baya ko ta ɗan murza tafin ƙafarta, sai kuga ta ja numfashi ta ci gaba kamar ba'a yi komai ba, ni kuwa a lokacin jikina ya gama mutuwa. Likita yace min huhunta da sauƙi, wai ƙwaƙwalwarta ce bata gama nuna ba, mantawa take yi. Kuma maganin da suke bata yace sinadarin da ke cikin kofi ne. Ni wallahi na kasa ganewa, kuma kunsan likita baya zama balle ka tsare shi da tambaya. Ina ruwan ƙwaƙwalwa da numfashi, ba huhu ne ke yi ba? In kuma mantawa ake yi, mu manya me yasa bama mantawa in munyi barci? Sannan wannan abin zai bita har girma ne ko yana wucewa?

Baban Yara

Wa alaikumus salam. Barka da arziki 'yar'uwa, Allah ya raya ta ya baki lafiyar shayarwa. Ni ba ma'aikacin lafiya bane amma a fahimtata kamar zuciya ne, Allah ya halicci huhu yana aikinsa da kansa ba sai an umarce shi ba, in iskar oksijin ta yi ƙasa a jiki sai ya ja wata. Ƙila nata ne bai yi ƙwari ba. Bari masana su zo su ƙara mana haske.

Malamin Jiki

Wa alaikumus salam. Maman Khairat barka, Allah ya raya mana ita. Ni ba likitan yara bane, darasin yadda jiki ke aiki nake koyarwa, saboda haka duk abinda ya shafi jinyarta maganar likitocinta ce a gaba. Amma tambayar taki a gonata ta faɗo.

Baban Yara, daidai wurin da ka kwatanta su nan suka rabu. Zuciya tana da makaɗinta a jikinta, shi yasa in aka yi saurin feɗe dabba wani lokacin zaka tarar zuciyar tana ɗan harbawa bayan an cirota. Huhu ba haka yake ba, shi kamar zugazugin maƙeri ne, in ba'a ja shi ba yana nan a kwance. Mai jansa wani faffaɗan nama ne da ya raba ƙirji da ciki, ana ce masa dayafuram, sai kuma naman da ke tsakanin haƙarƙari. Su kuma irin naman hannu da ƙafa ne, basa motsi sai an aiko musu saƙo ta jijiya. Kowane numfashi ɗaya da saƙonsa. Babba yana yin 12 zuwa 20 a minti, wajen dubu 20 kenan a kwana da yini, jariri kuma 30 zuwa 60 a minti.

Saƙon daga tushen ƙwaƙwalwa yake fitowa, can ƙasa daidai ƙeya inda ƙwaƙwalwa ta tsuke ta zama laka, wurin da ake kira medula. Daga nan ya gangaro ta laka, ya fita ta wajen ƙashin wuya na 3 da na 4 da na 5, ya bi jijiyar firenik har dayafuram. Wannan ne dalilin da yasa mutum zai yi haɗarin mashin ya karye can saman wuya, huhunsa ko ƙwarzane babu, amma numfashi ya gagara, hanyar saƙon ce ta yanke.

An daɗe da sanin cewa a medula abin yake, tun 1812 wani likitan Faransa Legallois ya nuna haka a jikin zomaye, yana cire ƙwaƙwalwar yanki yanki daga sama numfashi bai tsaya ba sai da ya taɓa wani ɗan wuri a medula. Amma takamaiman gurbin sai 1991 aka kama shi, Jeffrey Smith da Jack Feldman da abokan aikinsu. Abinda suka yi har yau yana burge ni in ina koyar da shi. Sun ɗauki tushen ƙwaƙwalwar jariran ɓeraye suka sa a ruwan gishiri mai oksijin, suna yankawa siriri siriri suna sauraron saƙon lantarkin da ke fita, har suka rage yanki ɗaya da kaurinsa bai kai milimita guda ba. Babu huhu, babu zuciya, babu jini, babu sauran ƙwaƙwalwa, amma yankin nan yana ta aika saƙon a ja numfashi, ya huta, ya sake aikawa, a kan ƙa'ida. Suka sa masa suna pre-Bötzinger, saboda yana maƙwabtaka da wani gurbi da aka riga aka raɗa wa Bötzinger, sunan da aka samo daga kwalbar giyar wani gari a Jamus a wajen wani taron masana. A ɓera ƙwayoyin jijiyar wurin 'yan dubbai ne kacal, tari ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma suna da wayoyi tsakaninsu don ɓangarorin biyu su buga tare. Daga baya an gano takwaransa a ƙwaƙwalwar mutum. An kuma gwada a manyan ɓeraye, in aka kashe wani kaso na ƙwayoyin numfashin yakan fara rikicewa a cikin barci tukunna kafin ya rikice a farke, in kuma aka rufe musu baki gaba ɗaya numfashi tsayawa yake ko dabbar idonta biyu.

Toh kinga amsar tambayarki ta biyu. Bama mantawa saboda tun farko ba ɓangaren tunani ne ke riƙe da aikin ba. Shi mai tunanin yana iya karɓar linzami na ɗan lokaci, ki riƙe numfashi, ki yi magana, mai karatun Alƙur'ani ya ja doguwar aya a numfashi ɗaya, amma da ya saki ko barci ya ɗauke shi na ƙasan yana nan bai taɓa tsayawa ba. Ita kuwa Khairat tun tana ciki wannan gurbin ya fara gwaji, ɗan tayi yana motsa ƙirji kamar mai numfashi tun watannin farko, sai dai a ciki yi yake yana bari saboda mabiyiya ce ke kawo masa oksijin. Ta fito da wuri da wannan ɗabi'ar ta yi a bari. Shafar da nas take mata saƙo ne daga fata da ke farkar da gurbin.

Nas Mai Dutin Dare

Maman Khairat sannu da jinya, na san zaman nan ba sauƙi. Shekaruna da dama a ɗakin bakwaini, bari in ɗora kan na Malam ta ɓangaren abinda muke gani da ido.

Ki bambance abu biyu don hankalinki ya ɗan kwanta. Akwai wanda jariri zai yi numfashi da sauri da sauri sai ya ɗan dakata sakan 5 zuwa 10 ya ci gaba, launinsa bai canja ba, wannan ko 'yan wata tara suna yi. Wanda muke tashi da gudu a kansa shine in ya kai sakan 20, ko bai kai ba amma bugun zuciya ya sauka ko leɓe ya fara yin shuɗi. A bakwaini irin taki abu ne da muke tsammani, kuma yawancinsu yana ɗaukewa in suka kai lissafin sati 36 zuwa 37 da a ce suna ciki, waɗanda suka zo da wuri sosai yakan ɗan ja musu ya wuce haka da wasu satuttuka. Ba ciwo bane da ke bin yaro har girma.

Maganin sunansa kafin (caffeine), sinadarin da ke cikin kofi, gaskiya likita ya faɗa miki. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, adenosin, aikinsa sanyaya jijiyoyi, shine ma yake taruwa ya sa mu jin barci, shi maganin yana tare masa gurbi sai cibiyar numfashin ta zama a farke. An yi babban gwaji a kan bakwaini wajen 2000 aka fitar da sakamakon a 2006, tun daga nan ya ƙara samun gindin zama. Inda babu shi aminofilin ake badawa, 'yan gida ɗaya ne. Amma dan girman Allah kar wata ta karanta wannan ta haɗa wa jariri kofi ko shayi a gida, namu awo ne da nauyin yaro, miligiram miligiram.

Sannan in kinga abin ya ƙaru lokaci guda bayan da ya yi sauƙi ki faɗa mana da wuri, don sanyi yana tada shi, haka sukari in ya sauka, ƙarancin jini, ko ƙwayar cuta ta shiga jini. Robar da ake bata nono ta ita ma duk maganar ɗaya ce, tsotso da haɗiya da numfashi duk a tushen ƙwaƙwalwa ake jera su kar su yi karo, kuma sai wajen sati 32 zuwa 34 suke fara daidaita. In sun baki dama ki riƙa ɗora ta a ƙirjinki fata da fata, yana taimakawa sosai.

Baban Yara

Masha Allah, na ƙaru, ashe ba yadda na ɗauka bane. Amma Malam maganar oksijin fa? In gurbin nan shi kaɗai yake kiɗansa, ya akayi ya san na hau bene ko na yi gudu har na fara haki? Dole akwai mai kai masa rahoto. Kuma abinda yasa na damu da wannan, shekarun baya a unguwarmu lokacin hunturu wasu yara almajirai suka shiga da kaskon gawayi ɗaki suka rufe ƙofa, da safe biyu basu tashi ba, Allah ya jiƙansu. Har yau ina tambayar kaina me yasa jikinsu bai tashe su ba, tunda ko bargo ka rufe fuska da shi sai ka farka a firgice.

Malamin Jiki

Allah ya jiƙansu ya gafarta musu. Tambayarka ita ce ainihin wurin da nafi so mutane su gane.

Masu kai rahoto suna nan. Amma babban abinda ake aunawa ba oksijin bane, iskar da muke fitarwa ce, kabon dayoksaid. Tun 1905 Haldane da Priestley a Ingila suka nuna cewa ɗan ƙaruwarta kaɗan a jiki yana ninka numfashi. In ta taru jini yana ƙara tsami, kuma akwai wasu ƙwayoyi a fatar medula ta ƙasa, kusa da gurbin da na faɗa, da ke ɗanɗana wannan tsamin suna zuga makaɗin. Wannan ƙuncin da kake ji in ka riƙe numfashi, ko a ƙarƙashin bargo, yawancinsa taruwar wannan iskar ce. Masu auna oksijin a wuyan mutum suke, wasu 'yan ƙulli kamar ƙwayar shinkafa a inda babbar jijiyar jini ta rabu biyu, Heymans ɗan Beljiyam ya ci kyautar Nobel ta 1938 a kan aikinsu, amma su sai oksijin ya faɗi sosai suke ɗaga murya. Akwai kuma rahoto na uku daga huhun kansa ta jijiyar bagus, in ya cika ya ce ya isa haka, Hering da Breuer suka gano shi a 1868. In kana gudu kuma, gaɓoɓi da ɓangaren ƙwaƙwalwa mai bada umarnin motsi suna aiko da nasu saƙon tun kafin jini ya canja.

Yanzu gawayi. Gawayi ko janareto a rufaffen wuri suna fidda wata iska daban, kabon monoksaid, bata da wari bata da launi. Tana kama jan sinadarin jini da ke ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin sama da sau 200, ta hana shi ɗauka. Matsalar, 'yan ƙullin wuyan nan oksijin da ya narke a ruwan jini suke aunawa, shi kuma bai ragu ba, kabon dayoksaid ma tana fita yadda ta saba. Duk masu gadin sai su ce lafiya lau alhali ƙwaƙwalwa tana mutuwa da yunwa. Wanda yake farke zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba abinda zai tashe shi. Shi yasa bana gajiya da faɗa, janareto a waje nesa da taga, ba a baranda ko lungun ɗaki ba, gawayi kuma a fitar da shi kafin a kwanta.

Irin wannan ne yake cin yara masu gasar nutso a kududdufi ko dam, su yi ta jan numfashi da sauri kafin su nutsa don su daɗe. Abinda suka yi kawai sun wanke kabon dayoksaid ne, sun kashe ƙararrawar, oksijin zai ƙare su suma a ƙarƙashin ruwa kafin jiki ya ce musu su taso.

Kuma Maman Khairat, a bakwaini duka masu gadin nan basu gama nuna ba. Amsarsu ga kabon dayoksaid tana da rauni, in oksijin ya sauka kuma maimakon su dage da numfashi sai su ɗan ƙara na minti ɗaya ko biyu sannan ya koma ƙasa. Akwai wata cuta daban da ba kasafai ake ganinta ba wadda ake haihuwar yaro da ita, a 2003 aka gano daga ƙwayar gado mai suna PHOX2B take, su a farke suna numfashi amma da sun yi barci sai an sa musu na'ura har tsawon rayuwa. Na ambace ta ne don ki san ba ita ce ta 'yarki ba, taki rashin nuna ne kuma lokaci yana gyara shi.

Ɗan Kemis

Malam Allah ya saka da alheri. Bari in ƙara abu ɗaya daga inda nake zaune, don kullum sai na yi faɗa da samari a kan wannan. Ƙwayoyin gurbin nan da Malam ya faɗa suna da makarɓar da magungunan dangin mofin ke kamawa, wato kodin da tiramol da su fentanil na asibiti. In suka kama sai kiɗan ya yi sanyi, kuma su toshe kunnen jiki ga kabon dayoksaid, biyu kenan a lokaci guda. Wanda ya sha ya wuce kima ba shaƙewa yake ji ba, numfashin ne zai yi ta raguwa, 8 a minti, 6, 4, abokansa suna cewa barci yake a ƙyale shi ya huce, alhali wannan munsharin ba na lafiya bane. In aka haɗa da ƙwayar barci ko giya abin yafi muni. Gwamnati ta hana sirof mai kodin tun 2018 amma duk munsan bai ɓace daga unguwanni ba. Alamar da za'a duba, an tashe shi baya tashi, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, numfashi jefi jefi, leɓe ya canja. A kwantar da shi ta gefe a nemi asibiti nan take, akwai allurar naloksan da ke ture maganin daga gurbin cikin mintuna. Madara ko manja da ake ɗurawa ba abinda suke yi sai ma su sarƙe shi. Masu shayarwa ma su kiyaye, kodin yana komawa mofin a hanta kuma yana bi ta nono.

Tambayata Malam, shi yankin da aka yanka aka ajiye a ruwa, tunda ba mai zuga shi, me yake sa shi bugawa ya tsaya ya sake bugawa?

Malamin Jiki

Nan ne masana suka shafe sama da shekara 30 suna jayayya. Ra'ayin farko shine akwai wasu ƙwayoyi na musamman da ke bugawa da kansu kamar na zuciya, saboda wata kafa a jikinsu da ke barin sodiyam yana tsiyaya ciki a hankali har ya cika su fashe da saƙo, sauran su bi. Kuma da gaske akwai irinsu a wurin, an auna su. Sai dai da aka toshe wannan kafar da magani a wasu gwaje-gwajen kiɗan bai mutu ba. Ra'ayi na biyu shine kiɗan na taro ne. Kamar tafi a dandali, yarinya ɗaya ta fara, biyu suka kama, huɗu, kafin ka ankara duk fili ya ɗauka, sai hannu ya gaji a lafa, can wata ta sake farawa, kuma ba lallai wadda ta fara ɗazu ba. Ƙwayoyin suna zuga juna da sinadarin gulutamet, in zugar ta kai wani mataki sai ta fashe ta zama umarnin jan numfashi, bayan nan suna buƙatar ɗan hutu kafin su iya sakewa, ga kuma wasu ƙwayoyin masu taka birki. In aka toshe gulutamet ɗin kiɗan tsayawa yake gaba ɗaya. Ni nafi karkata nan, ina ganin masu bugawa da kansu suna taimakawa ne musamman a jarirai da lokacin da oksijin ya yi ƙaranci sosai.

Kuma shi jan numfashi kawai yake bugawa. Fitarwa in kana zaune kyauta ce, huhu ne ke komawa da kansa kamar roba, maƙogwaro yana ɗan rage masa gudu, a wannan gaɓar muke magana da karatu. Sai ka fara gudu wani gurbi daban da ke gefe ya farka ya sa naman ciki matso iska waje.

Har ajiyar zuciya daga nan take. Mutum yana yinta kusan duk minti 5 bai sani ba, numfashi ne biyu a haɗe, kuma amfaninta buɗe ƙananan jakunkunan huhu da suka fara manne wa. A 2016 aka gano 'yan ɗaruruwan ƙwayoyin da ke aiko da wannan umarnin a ɓera, in aka toshe su dabbar tana numfashi daidai amma ta daina ajiyar zuciya. Jarirai sunfi manya yinta.

Maman Khairat

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, wallahi jiya ne na fara yin barcin kirki. Anti Nas na yi yadda kika ce, sun bani ita na ɗora a ƙirji kusan awa biyu, na ƙirga numfashinta da agogon waya ya kama 48 a minti, kuma na ji ta yi ajiyar zuciyar nan har sau uku, da can tsorata nake in ta yi. Daren jiya sau ɗaya na'urar ta yi ƙara kuma kafin nas ta ƙaraso ta ci gaba da kanta. Likita yace in ta cika sati 34 za su gwada cire maganin su sa mata ido na wasu kwanaki kafin a yi maganar sallama. Na kuma kira Baban Khairat nace ya ɗauke janareton daga bakin tagar ɗakin kafin mu dawo. Anti in mun koma gida a rigingine zan riƙa kwantar da ita ko a gefe? Kakarta tace rub da ciki yafi.

Nas Mai Dutin Dare

A rigingine 'yar'uwa, a kan shimfiɗa mai ɗan tauri, ba filo ba tarin zannuwa kusa da fuskarta. In kinga mun kifa ta a nan saboda na'ura tana kanta ne muna kallo, a gida babu wannan. Ki lallaɓa Hajiya ki ce mata umarnin asibiti ne, in ta zo dubiya ma ki turo min ita in mata bayani da kaina.